Wanda ya yi ihun gobara alhali wutar na ci, mene ne laifinsa?

Duk sa'ad da aka kama wani saboda abin da ya rubuta a Facebook ko ya tura a saƙon murya na WhatsApp, akwai maganar da masu boko ke kawowa a fada: "Ai ko a Amurka ba a yarda mutum ya yi ihun gobara a cikin taro ba." Da an faɗe ta sai gardama ta mutu, kowa ya koma kan shayinsa. Wannan magana tana ci mini rai, domin rabinta ake ɗaukowa, kuma rabin da ake jefarwa shi ne ya fi shafar mu a Maraɗi.

Asalinta wani hukunci ne na kotun ƙolin Amurka a 1919. An gurfanar da Charles Schenck, ɗan jam'iyyar gurguzu, saboda ya rarraba takardun da ke kiran samari su ƙi shiga soja ta dole a yaƙin duniya na farko. Alƙali Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa ƴancin magana ba zai kare mutumin da ya yi ihun gobara na ƙarya a gidan wasan kwaikwayo har ya jawo firgici ba. Sharuɗa biyu ne: a yi ƙarya, kuma ƙaryar ta haifar da ɓarna. Schenck kuwa ra'ayinsa ya faɗa a kan yaƙi, amma ya sha kaso. Bayan shekara 50, a 1969, kotun ta ƙuntata wannan hanya a shari'ar Brandenburg, inda ta ce ba a hukunta magana sai in an yi ta da nufin tunzura mutane su karya doka nan take, kuma da alamar za su karya ɗin. Ke nan misalin da ake rufe mana baki da shi, mutanen da suka haife shi ma sun daina auna shari'a da shi.

Ba ina cewa baki ba shi da linzami ba. Mu nan mun ga abin da magana marar tushe ke yi. A watan Yunin 2019 aka kama wani limami a unguwar Zariya ta nan Maraɗi bayan huɗubar da ya soki ƙudirin dokar tsara harkokin addini. Kafin gari ya waye an ƙona coci. Da aka sake shi, ya nemi gafara, ya ce waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci ne suka ɓatar da shi. Takardar da ba a tantance ba ta hau mumbari, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa wurin ibadarsu. Magana zarar bunu ce, kuma duk wanda ya kunna irin wannan wuta da gangan ya cancanci ya tsaya gaban alƙali.

Amma mun san ɗaya ɓangaren ma. A watan Nuwamban 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a nan cikin gari, yara ƙanana fiye da 20 suka rasu. Watanni kaɗan kafin haka, a Afrilu, an yi irinta a Yamai. Iyayen da suka riƙa kuka a rediyo cewa ajin kara tarkon mutuwa ne, ai sun tada hankalin jama'a, sun kuma ɓata wa masu mulki rai. Da an saurare su da wuri fa?

A nan ne dokarmu take ba ni tsoro. A 2010 Nijar ta cire ɗauri daga laifukan aikin jarida, muka yi alfahari da hakan. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta dawo da shi ta bayan gida, a 2022 aka cire ɗaurin a kan ɓata suna da zagi, sannan a Yunin 2024 aka mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa bayanin da zai iya hargitsa zaman lafiyar jama'a. Wannan laifi na biyu bai ginu a kan ƙarya ba. Ya isa a ce maganar tana iya tada hankali. To wace magana ce mai muhimmanci da ba ta tada hankali?

Masu kare dokar suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Ƙasa na cikin yaƙi. A Madarunfa da Gidan Rumji, inda ƴan bindiga ke tsallako iyaka su kore shanu su sace mutane, saƙon murya ɗaya na ƙarya zai iya sa ƙauye ya watse cikin dare, tsofaffi da masu goyo su kwana a jeji. Sai dai manomin da ya ga babura da idonsa ya tura wa ƴan uwansa saƙo su yi hattara, shi ma ya firgita mutane. In dokar ba ta bambanta shi da maƙaryaci ba, gobe zai gani ya yi shiru, kuma shirun nasa ƴan bindiga zai amfana.

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan ƴancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta yarda a sashe na 19 a taƙaita magana don kare mutuncin wasu, tsaron ƙasa da zaman lafiya. Amma ta gindaya cewa taƙaitawar ta zama a rubuce cikin doka, kuma ta zama dole ce ta sa. Ɗaure mutum shekaru a kan zagi ba dole ba ce. Tara da diyya da janye magana a bainar jama'a sun isa su wanke wanda aka ɓata. Laifin hargitsa jama'a kuwa, a gyara shi yadda mai shigar da ƙara sai ya nuna wa alƙali cewa maganar ƙarya ce kuma mai ita ya san ƙarya ce, ko kuma kira ne a fili na a far wa wani.