Su wa ake gwaji da 'ya'yansu da gaske?

Duk lokacin da aka ce likitoci za su yi bincike a kan wata cutar yara, magana ɗaya ce ke fara fitowa daga bakin mutanenmu: "Gwaji za su yi da 'ya'yanmu." A nan Zariya ana faɗin ta a majalisun Tudun Wada, ana faɗin ta a gidajen suna a cikin Birni, har a Samaru bakin 'yan boko na sha jin ta. Ni ban ga laifin mai faɗin haka ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta ci rayuka sama da 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce babu wanda ya yi musu bayanin cewa gwaji ake yi. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa mutane suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003, kuma har yau bai gama warkewa ba.

Amma ina roƙon mu tsaya mu dubi abin da ke faruwa a unguwanninmu kowace yamma. Uwa ta goyo yaro jiki rau da zazzaɓi, ta tsaya a kyamis. Mai shago ya ɗora bayan hannu a goshin yaron, ya ce, "Hajiya, maleriya ce da taifot." Ba a ɗiga jini a ɗan allon gwajin nan da ke nuna sakamako cikin kwata ɗaya ba, ba a ɗora yaron a sikeli ba, ba a ƙirga numfashinsa ba. A ɓalle ƙwayar manya gida biyu, a haɗa da ruwan magani kala uku, a ƙara da allura. In ya warke an ce maganin ne, in ya rasu an ce kwana ya ƙare. Babu wanda ya rubuta komai, babu wanda zai koyi komai, gobe ma haka za a yi wa ɗan maƙwabta. Wannan shi ne gwajin da ake yi da 'ya'yanmu kullum, ba kwamitin da ya duba shi, ba takardar da aka sa wa hannu, kuma da kuɗinmu muke biya.

Binciken gaskiya shi ne ke fitar da mu daga wannan lalube. Shekaru da yawa kwinin ake ɗura wa yaron da maleriya ta kai shi ga jijjiga ko suma. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, a Ilorin. An kwatanta kwinin da allurar atesunet. Cikin waɗanda aka ba kwinin kusan 11 cikin 100 suka rasu, cikin waɗanda aka ba atesunet kuwa tsakanin 8 da 9 ne. Wani zai ce ai bambancin kaɗan ne. A lissafa shi da yawan yaran da ake kwantarwa a Arewa daga Yuli zuwa Oktoba, za a ga gidaje nawa ne ba a yi zaman makoki a cikinsu ba. Allurar da ake yi wa yaro yau a asibitin koyarwa na Shika ko a asibitin Gambo Sawaba idan maleriya ta yi tsanani, iyayen wasu yara ne suka yarda aka tabbatar mana da ita.

Wani binciken ma ya fi wannan girgiza ni. A ƙasashen Turai an daɗe da yarda cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, jini ba ya zagaya jikinsa sosai, a yi maza a ɗura masa ruwa mai yawa a jijiya cikin ɗan lokaci. Kowa ya ɗauka haka ne daidai. A 2011 aka fitar da sakamakon gwada hakan a kan yara sama da 3,000 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, sai aka ga waɗanda aka yi wa wannan ɗurin gaggawa sun fi mutuwa. Su kansu masu binciken ba su zaci haka ba. (A kula, ba maganar yaro mai gudawa da amai ake yi ba, shi ƙarin ruwa ceton ransa ne.) Abin da ya yi aiki a Landan bai zama dole ya yi aiki a jikin yaron da maleriya ta shanye wa jini ba. In ba a bincika a nan ba, da kyakkyawar niyya za a yi ta cutar da yara.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda mu Zazzagawa muka manta cewa garin nan ya taɓa zama gaba-gaba a wannan fage. A shekarun 1970 Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu 'yan ƙasa sun zauna a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suna fama da sanƙarau duk bazara. A nan aka yi aiki a kan hanyoyin gane ƙwayar cutar cikin sauri daga ruwan ƙashin baya, a nan kuma aka gwada warkar da mai sanƙarau da allura guda ɗaya mai daɗewa a jiki, maimakon allurai dare da rana da ƙauye ba zai iya ba. Greenwood ɗin nan yana cikin waɗanda daga baya suka assasa dabarar ba yara maganin kariya daga maleriya wata-wata a damina, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2012. Matan nan masu jaka da ke bin gida-gida da damina suna ba 'yan ƙasa da shekara 5 ƙwaya, aikinsu daga bincike ya fito.

Kuma ba tarihi kaɗai ba ne. Duk wanda ke da mai sikila a gida ya san tashin hankalin wayar gari a ga ɓarin jikin yaro ya shanye, baki ya karkace. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai, a ɗan shafa mai, a ji gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba tsaga, ba zafi, yaron yana kwance yana kallon uwarsa. In gudun ya yi yawa, haɗari na tafe. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro duk wata. Wa zai iya wannan a nan? Likitocinmu na Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na waje, sun bi yara 220 suna ba su maganin haidiroksiyuriya, aka fitar da sakamako a 2022 cewa ko ƙaramin awo na ƙwayar yana ba da kariya. Amsa ce da aka nemo daidai da aljihunmu da asibitocinmu.

Don haka ban yarda da masu cewa a rufe ƙofa ba. Haka kuma ban yarda da masu cewa mu miƙa wuya kawai tunda likita ya faɗa ba. Tun 2007 Najeriya ke da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa, kuma dole kwamitin ɗa'a ya duba bincike kafin a taɓa yaro. Uba yana da haƙƙin ya ce, "Likita, wane ne ya amince da wannan aikin? In yaron ya samu matsala wa zai ɗauki nauyinsa? In na ce a'a, za a ci gaba da duba min shi?" Amsar ta ƙarshe dole ta zama e, kuma ko ka sa hannu kana iya janyewa duk ranar da ka ga dama. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, kada a ba shi yaro.

Su ma masu binciken ina da ƙorafi a kansu, kuma ba ƙarami ba. Ana miƙa wa uwar da ba ta yi boko ba takarda da Turanci, ɗanta yana numfashi sama-sama, a ce ta dangwala yatsa. Wannan ba amincewa ba ce. A karanta mata da Hausa, a bar ta ta kira mijinta ko wanda ta yarda da shi, a ba ta lokaci in halin yaron ya bari. Sannan idan an gama, sakamako ya tafi mujallar Ingila, mai bincike ya samu ƙarin girma, mutanen Giwa ko Soba da aka ɗibi jinin 'ya'yansu ba su sake jin ɗuriyar kowa ba. Malamanmu na Shika da na Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, don Allah duk binciken da aka kammala a koma ƙofar gidan mai unguwa a tara iyaye a gaya musu abin da aka gano, ko da abin da aka gano shi ne maganin bai yi aiki ba. A shiga rediyo a faɗa da Hausa. Kuɗin motar wannan komawa a saka shi a kasafin binciken tun ranar farko.