Fim ɗin ban tsoro: na da sun fi iya ɓoye dodo, amma wani sabo ya taɓa ni

Da zarar watan Oktoba ya yi nisa, Ingila takan sauya kama. Ganyayen itatuwa su yi ja su zube, a mayar da agogo baya da awa guda a Lahadin ƙarshen wata, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe gari. Manyan kantuna a nan Manchester su cika da kabewa da ƙwarangwal na roba da yanar gizo ta auduga, ana shirin daren 31 ga wata da suke kira Halloween. Bikin ya samo asali daga tsohuwar al'adar mutanen Ireland da Scotland ta ƙarshen kaka, ni kuwa ba na tura yarana bin gida-gida karɓar alawa, don ba namu ba ne. Amma finafinan ban tsoron da gidajen sinima da talabijin ke zubowa a wannan lokaci ina kallonsu, tsofaffi da sababbi, kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kansu.

Tsofaffin sun fi yawancin sababbin iya ba da tsoro, dalilin kuwa shi ne masu yin su ba su da damar nuna komai da komai. Daga 1934 zuwa 1968 akwai dokar tace finafinai a Amurka da ta taƙaita nuna jini da kisa, ga kuma ƙarancin kayan aiki. Dole darakta ya yi amfani da inuwa da sauti da shiru. A Nosferatu, fim ɗin Jamus na 1922 wanda ko magana babu a cikinsa, abin da ke tayar da tsikar jiki inuwa ce kawai mai dogayen farata tana hawa matakala. A Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, akwai sanannen wurin da aka kashe wata mata a banɗaki, amma in ka zuba ido sosai, yawanci wuƙa ce a sama, sai fuska, sai ruwa, sai kukan goge mai tsaga kunne. Jinin da ke gangara ma ruwan cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne. Zuciyar mai kallo ce ke ƙarasa kisan.

Ko a 1978, bayan an cire waccan doka, John Carpenter ya yi fim mai suna Halloween da kuɗin da bai wuce dala dubu ɗari uku da 'yan kai ba. A California aka ɗauke shi lokacin bazara, sai da suka shafa wa ganyaye fenti don su yi kama da na kaka. Jini kaɗan ne a ciki. Mutum ne sanye da farar fuskar roba yana tsaye can gefen shinge, ka kau da kai ka dawo ya ɓace.

Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya da dare ya san wannan dabarar. Kakata ba ta taɓa faɗa mana kamannin Dodo dalla-dalla ba. Takan rage murya ne kawai, ta ce yana tafe ƙasa na girgiza, sai kowane yaro ya ƙera nasa Dodon a ka, kuma nasa ɗin ya fi na kowa muni. Shi ya sa ba mai iya fita fitsari shi kaɗai bayan an ce ƙurunƙus.

Yawancin na yanzu kuwa kwamfuta ta ba su ikon nuna duk abin da suka ga dama, sai suka nuna. A yi shiru, a buga ƙara ba zato, ka zabura, bayan minti biyar ka manta. Wasu kuma yanka ne tsagwaronsa daga farko har ƙarshe, abin da yake sa ni tashin zuciya, ba tsoro ba. Ba zan ɓata lokaci a kansu ba.

Akwai kuma wani bambanci da nake lura da shi tsakanina da abokan aikina Turawa. Su fatalwa da aljani abin nishaɗi ne na wata guda, ana shiga Nuwamba a kwashe kabewar a jera kayan Kirsimeti. Mu kuwa mun taso ana hana mu zuba ruwan zafi a ƙasa da dare ba bismilla, ana ce kada mu zauna ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana, kuma da yawanmu mun ga an yi wa wani ruƙiyya a gida. Saboda haka The Exorcist na 1973, labarin yarinyar da shaiɗan ya shiga jikinta, da su da ni ba abu ɗaya muke kallo ba.

Fim ɗin da ya sa ba zan yi wa sababbin kuɗin goro ba shi ne His House, wanda Remi Weekes ya ba da umarni, ya fito a Netflix ƙarshen Oktoban 2020. Mata da miji ne, Bol da Rial, suka tsere wa yaƙin Sudan ta Kudu, suka haye teku a jirgin ruwa zuwa Ingila, yarinyar da ke tare da su ta nutse. Hukuma ta ba su wani gida duk ya lalace, bango na ɓarewa, ga kyankyasai, tare da sharuɗɗa: ba aiki, ba sauya gida, kuma su riƙa kai kansu ana duba su. Sai wani abu ya fara magana daga cikin bango.

A tsofaffin finafinai, mai kallo kan ce wa mutanen gidan su kwashe kayansu su gudu mana. A nan ba halin gudu, domin barin gidan yana nufin a mayar da su inda suka fito. In kuma suka ce akwai maye a bango, jami'in da ke kula da su zai rubuta cewa ba su dace da zama ba. Duk wanda ya taɓa jiran takardar izinin zama, yana taka-tsantsan da kowace kalma a gaban jami'i, ya san wannan tsoron a jikinsa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ma babu aljani a ciki. Rial ta fita neman asibiti ta ɓata a unguwa, ta hango samari baƙaƙen fata ta ji sanyi a ranta, ta tambaye su hanya, sai suka kwaikwayi maganarta suna dariya, suka ce ta koma Afirka. Wunmi Mosaku ce ta fito a matsayin Rial, haifaffiyar Zariya da ta girma a nan Manchester, kuma yadda fuskarta ta sauya a wurin ya isa ya nuna ta san abin da take yi. Weekes ya samu kyautar BAFTA, lambar yabon finafinai ta Birtaniya, a 2021 saboda fim ɗin, kuma ya cancanta.

Shi ma ya ari dabarar na da, don abin da ke cikin bangon ba a cika nuna shi a sarari ba sai can gaba. Wanda zai kalla a watan Oktoba, ina ba shi shawara ya fara da Psycho, sannan ya bi da His House, kuma ya bari yara su yi barci tukuna.