An riga an biya diyyar bauta, sai dai ba bayin aka biya ba

Duk lokacin da aka taso da maganar diyyar cinikin bayi, sai ka ji ana cewa abu ne da ya wuce, wa zai biya, wa za a biya, yaya za a yi lissafin? Wannan ta lissafin ita ke ba ni mamaki, don an taɓa yinsa, kuma kuɗi sun fita.

A 1833 da majalisar Ingila ta soke bauta a yawancin ƙasashen da take mulka, gwamnati ta ware fam miliyan 20, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da take kashewa a shekara. Aka kafa hukuma, aka buɗe littafi. Mai gonar rake a Jamaika ko Barbados ya rubuta kawuna nawa gare shi: masu aikin gona kaza, na cikin gida kaza, yara kaza, tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare kaza, kowa da farashinsa kamar awaki a kara. Iyayengiji suka kwashe kuɗin. Bayin kuwa ko anini. Aka ma ce su ci gaba da aikin ba lada, wai koyon sana'a suke, har 1838. Bashin da aka ciwo don wannan biya sai a 2015 aka gama sauke shi, ke nan jikan bawa da ke tuƙa bas a Landan ma harajinsa ya shiga ciki.

Na Haiti ya fi ciwo. Bayi suka ƙwaci kansu da yaƙi a 1804, sai a 1825 Faransa ta turo jiragen ruwan yaƙi ta ce su biya faran miliyan 150, kuɗin asarar da ta yi. Asarar kuwa har da su kansu.

Kuma ba wai ƙasashen Yamma ba su san hanyar biyan wanda aka zalunta ba ne. Amurka a 1988 ta yi dokar ba kowane ɗan asalin Japan da ta tsare lokacin yaƙin duniya na biyu, in yana raye, dala dubu 20 haɗe da neman gafara.

Na san za a ce ai namu sarakunan ma sun kama, sun sayar. Haka ne, ba zan kare kowa ba. A Arewacin Najeriya sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya, a Nijar kuwa har 2008 kotun ECOWAS ta sa gwamnati ta biya Hadijatou Mani sefa miliyan 10, don an sayar da ita tana yarinya hukuma ta zuba ido. Wannan bashin namu ne, mu za mu biya, amma bai sauke wa Ingila nata ba.

Inda nake jan ƙafa shi ne a ce kuɗin su faɗa asusun gwamnatocinmu. Marigayi Abiola ya yi fafutukar nan da gaske har aka yi taron neman diyya a Abuja a 1993, amma ni da za a tambaye ni, a fara da Haiti da ƙasashen Karibiyan. Su ne sunayen kakanninsu ke cikin rajistar bayi, kuma takardun ƙasashen da Ingila ta mulka suna nan ajiye a Landan.