Inshorar da sai ka kusa mutuwa take tuna da kai

Wallahi jiya da daddare da na buɗe takardar sabunta inshorar lafiya ta 2026 sai da na ajiye waya na je na yi alwala, don in ban yi ba zan faɗi abin da zan yi nadama. Kuɗin wata ya yi tsalle, kuma a ƙasan takardar wai suna gode min da na zaɓe su. Ni na zaɓe ku?

Don Allah kar wani ya zo min da ai Obamacare ta taimaki talaka. Na sani. Na san saboda dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 yanzu kamfani bai isa ya kore ka don kana da ciwon suga ko hawan jini ba, yaro kuma zai zauna a inshorar babansa har shekara 26. Madalla, Allah ya saka. Ni maganata a kanmu ce masu aikin kanmu a nan Amurka, direbobi da masu ɗan shago, da ba mu da ogan da zai biya mana rabi, mu ne muke shiga kasuwa mu saya da kanmu. Kuma biya biyu muke yi. Biya biyu!

Za a jera maka tsarin inshorar mataki-mataki, tagulla, azurfa, zinare, kamar ka je sayen kayan lefe, ka duba aljihu ka ɗauki tagulla, sai ka ga didaktabul ya haura dala 7,000, wato kowane wata kana zuba musu kuɗi amma ranar da ka je asibiti sai ka fara kashe dubu bakwai ɗin nan daga aljihunka kafin su motsa sosai, in ban da ɗan duba lafiya na shekara da suke yi kyauta suna ta yi mana gori da shi. Adashe ma ai kwasarka tana zuwa. Wannan kai ne kullum mai zubi, uwar adashe ce kullum mai kwasa.

Ƙarin tallafin da gwamnati ta kawo a 2021 lokacin korona shi ya rufa mana asiri, aka tsayar da kuɗin inshorar kada ya wuce kashi 8.5 na abin da mutum ke samu. Wa'adinsa ƙarshen Disamban 2025 ne. An rufe gwamnati kwana 43 ana ta kumfar baki a kansa, aka buɗe, ba a tsawaita ba. A inshorar 2026 in kai kaɗai ne ka wuce dala 62,600 a shekara ko da dala ɗaya ce, tallafi ya tafi gaba ɗaya. To mutum ya ajiye mota a Disamba kenan don kar ya yi laifin samun kuɗi?

Masu cewa to ka bar ta mana ai tun 2019 gwamnatin tarayya ta daina cin tarar wanda ba shi da inshora, ku je ku faɗa wa na New Jersey da Kalifoniya, can har yanzu ana ci. Kuma maganar gaskiya ba tarar nake tsoro ba. Ina da yara. Zamewa ɗaya a ƙanƙara, ƙafa ta karye, takardar asibiti za ta cinye abin da na tara shekara da shekaru. Shi ya sa zan biya, ina zagi a zuci ina biya, kuma sun san zan biya, nan ne abin yake min ciwo.

Ku kuma na gida da kuke lissafa dalar da naira kuna cewa Alhaji ai kai ka haye, ina gaisuwa. Af, in akwai mai tahowa daga Kano kafin sabuwar shekara ya yi min magana ta inbos, yaji da kuka nake so, amma kar a sa kilishi, wancan karon kwastam suka kwashe shi tas a filin jirgi ina kallo.