Suwidin, ƙasar da ba ta karɓar kuɗinta

Raina a ɓace yake, kuma ba zan yi shiru ba. Ni da maigidana mun daɗe muna tari don mu je yawon buɗe ido Suwidin. Allah Ya nufa muka je, muka zaga Stockholm da Uppsala da Gothenburg da Malmo, amma abin da ya fi tsaya min a zuciya shi ne wulaƙancin da muka sha saboda mun riƙe tsabar kuɗi. Kuma krona ce fa, kuɗin ƙasar, wadda muka canza a filin jirginsu aka cire mana kamasho. Ka shiga shagon shayi, an manna takarda a ƙofa cewa ba a karɓar tsaba. Ka je gidan abinci, haka. Motar bas kuwa ko maganar ba a yi, direba ba ya taɓa kuɗi.

Na san abin da wasu za su ce: to ku biya da kati mana. Wanda ya faɗi haka bai san halin matafiyi ɗan Najeriya ba. A 2022 bankunanmu da dama suka rage abin da za a iya kashewa da katin naira a ƙasar waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya. Tun daga lokacin mutanenmu suka ƙara riƙe guzurin tsaba da hannu biyu, don ita ce ba ta ba ka kunya a baƙon wuri. Mu katin dala ɗaya muke da shi, na maigida. A Gothenburg bankinmu na gida ya toshe shi, wai sun ga ana cire kuɗi daga wata ƙasa. Muka wuni muna kiran waya ana ce mana mu yi haƙuri. Ga kuɗi cike da jaka, ga yunwa, ga gidajen abinci jere a bakin titi, mu kuwa sai kallo.

A wannan wunin ne abin da ba zan manta ba ya faru. A tashar jirgin ƙasa na nemi banɗaki in kama ruwa in yi alwala, la'asar tana neman wucewa. Ƙofar a kulle, sai an biya krona 10, na'urar kuma kati kaɗai ta sani. Babu ma'aikaci ko ɗaya da za a yi wa magana. Na tsaya a bakin ƙofa, mace da girmana, ina miƙa wa masu wucewa kuɗi ina roƙon a taimaka a buɗe min. Wasu suka kauda kai. Wata dattijuwa 'yar ƙasar ce ta ɗora katinta ƙofar ta buɗe. Da na miƙa mata kuɗin sai ta ƙi karɓa, ta ce ita ma ba ta da inda za ta kai su. Allah Ya saka mata da alheri. Amma don Allah wane irin tsari ne zai sa baƙuwa bara a ƙofar banɗaki alhali da kuɗinta a hannu?

Ko da katin ya dawo aiki, ba mu tsira ba. 'Yan ƙasar suna da manhajar waya mai suna Swish, wadda aka fara a 2012, da ita suke tura wa juna kuɗi nan take. Kafin ka same ta sai kana da asusu a bankin Suwidin da shaidarsu ta intanet, wato baƙo ba shi da rabo. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa, masu teburin gwanjo da masu 'ya'yan itace da masu kayan aikin hannu, da yawansu lambar waya kawai suke rubutawa a kwali. A Malmo na ga wani mayafin ulu saƙar hannu, na yi niyyar saya wa Hajiyarmu tsaraba. Mai kayan tana son sayarwa, ni ina son saya, haka muka rabu kowa rai babu daɗi.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne tarihin ƙasar. A Stockholm aka fara buga kuɗin takarda a nahiyar Turai, a 1661. Babban bankinsu, Riksbank, tun 1668 yake, babu babban bankin da ya girme shi a duniya. Har yau suna buga takardu masu kyau. A jikin ta krona 1,000 hoton Dag Hammarskjöld ne, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya da ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da garin Ndola, a ƙasar Zambiya ta yau, a 1961, kuma a Uppsala kabarinsa yake, garin da jami'arsa ke nan tun 1477. Doka ta amince krona ce kuɗin biya, sai dai an bar wa mai shago damar ya ƙi ta muddin ya sanar. To mene ne amfanin dokar? Hukuma ta buga kuɗi, 'yan canji su sayar wa baƙo, mai shago ya ce ba ya so, kowa ya zare hannunsa.

Kuma gwamnatin ta san akwai haɗari. A littafin shirin ko-ta-kwana da ta raba wa gidaje a 2018, ta kuma sabunta a 2024, ta shawarci jama'a su ajiye tsabar kuɗi a gida saboda ranar da wuta ko intanet za su ɗauke. Daga 2021 doka ta tilasta wa manyan bankuna su samar da wuraren cire kuɗi. Ka cire ka kai ina? Mu da muka ga farkon 2023 a gida, lokacin canjin naira, da mai kuɗi a banki ya kasa sayen kwanon masara saboda tura kuɗi ta waya ta maƙale, ba sai an ba mu labarin abin da dogaro da na'ura kaɗai ke jawowa ba. Mu baƙi ne, mun tafi. Tsofaffinsu fa, da masu naƙasa, da 'yan gudun hijirar da ba su samu asusun banki ba? Su kullum a cikin wannan suke.

Ƙasar tana da kyau, ba zan hana ta ba. Stockholm a kan tsibirai 14 take, ruwa ta ko'ina. Mun ga Vasa, jirgin yaƙin da ya nutse a tafiyarsa ta farko a 1628 aka ciro shi a 1961, yana nan kusan yadda yake. Mun yi sallah a masallacin unguwar Södermalm a Stockholm, mun hango gadar da ta haɗa Malmo da Copenhagen, babban birnin Denmark. Sai dai rabin hankalinmu yana kan neman kantin da zai karɓi kuɗinmu. Manyan kantunan kayan abinci ne suka rufa mana asiri, muka riƙa sayen burodi da madara muna ci a kan bencin lambu, ba don babu ba. Ragowar kronar da muka kasa kashewa muka mayar wa 'yan canji, aka sake yankar kamasho.

Lokacin neman biza an tambaye mu takardar banki, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. Babu wanda ya buɗe baki ya ce mana kada mu dogara da tsaba. Masu tallar yawon buɗe ido su rubuta wannan ɓaro-ɓaro a inda kowa zai gani kafin ya sayi tikiti, 'yan canjin filin jirgi su faɗa wa mutum gaskiya kafin su karɓi dalarsa. Majalisar ƙasar kuma ta wajabta karɓar krona a banɗakin jama'a da motar haya da kantin magani da wurin abinci.