Ku bar yaran nan su ƙarasa labarinsu yadda suka ga dama

Abin da aka yi wa matasanmu ranar Lahadi a taron gunduma bai dace ba, kuma duk wanda ya zauna a majami'ar nan ya san bai dace ba, ko da bakinsa ya kasa faɗa. Wasan kwaikwayo suka yi a kan wata gwauruwa da aka ƙwace wa gona, bidiyon kuma ya riga ya zaga wayoyinku. Kun ga yadda Baba dattijo ya miƙe ya karɓe makirufo tun yarinyar da ta fito a gwauruwar ba ta sauko daga dandamali ba, ya ce wasan da bai ƙare da tuba da nasara ba, ba wasan ikkilisiya ba ne. Kun ji yadda ya ƙarasa musu labarin da bakinsa, wai daga baya matar ta yi azumi, Ubangiji ya mayar mata da gonarta ninki biyu. Sannan ya yanke hukunci: daga yau kowane wasan kwaikwayo sai an kai wa kwamiti ya duba ƙarshensa. Masu turo mini saƙo suna cewa in yi shiru don babba ne, na ji ku. Baba ubanmu ne, ko gobe na gamu da shi sai na durƙusa na gaishe shi. Amma a kan wannan magana ya yi kuskure, a bainar jama'a ya yi shi, a bainar jama'a kuma za a faɗa.

Me yaran nan suka yi da zafi? Sun nuna mace da aka kashe mata miji a gona. Masu zaman makoki ba su gama watsewa ba, ƙanen mijin ya zo da 'yan uwansa suka kwashe hatsi, suka karɓe takardar fili, suka ce ta koma gidan ubanta tunda 'ya'ya mata ta haifa. Ta kai kuka majami'a, aka ce ta yi haƙuri, za a zauna a kai. Ba a zauna ba. A ƙarshe ta shigo ita kaɗai, sanye da baƙin zanen da yarinyar ta aro wurin uwarta, ta shimfiɗa rigar mijin a kan tabarma, ta ninke hannun dama, ta ninke na hagu, ta ɗora ta a cinya, ta ce, "Ya Ubangiji, ni fa ban bar ka ba. Kai kana ina?" Aka ja labule, wanda zannuwan gado ne biyu aka ɗinke. Iyakarsa ke nan.

A layin Zumuntar Mata na ga wata tsohuwa ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Majami'a ta yi tsit, har yaran da ke guje-guje a baranda suka dawo suna leƙe ta taga. Rabon da in ga wa'azi ya daki zuciyar mutanenmu haka, an daɗe. Wannan shirun aka fasa da makirufo.

Labarin da aka ba da shi da gaskiya ba ya bukatar a ɗaura masa wa'azi a wutsiya. Maganata ke nan, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ku buɗe Luka 15. Ɓataccen ɗa ya dawo, an yanka kiyayayyen maraƙi, ana kiɗa da rawa, babban wansa ya yi fushi ya ƙi shiga. Uban ya fito waje yana lallashinsa. Daga nan sai me? Ya shiga ko bai shiga ba? Yesu bai faɗa ba. Ya bar Farisiyawa da malaman Attaura tsaye da tambayar a wuyansu, don su ne babban wan, su ne za su amsa. Wane kwamiti ne zai kira Ubangiji ya ce masa labarinsa bai kammala ba? Ku duba ƙarshen littafin Yunusa: annabi na zaune yana huci saboda tsiron da ya yi masa inuwa ya bushe, Allah ya tambaye shi ko bai kamata ya ji tausayin Nineba mai mutum fiye da 120,000 da dabbobi masu yawa ba. A kan tambayar littafin ya rufe, ba a gaya mana Yunusa ya tuba ba. Zabura 88 da kuka ta fara, cikin duhu ta ƙare, babu aya ɗaya ta "amma na gode" a ƙarshenta, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ga laifinta ba, ya bar ta a tsakiyar littafin waƙoƙin mutanen Allah. Littafin Esta sura 10 ne, ba a ambaci sunan Allah a ciki ko sau ɗaya ba, amma wa ya taɓa karanta shi bai ga hannun Allah ba? Markus 4:34 ya ce Yesu ba ya yi wa taron magana sai da misali, fassarar kuwa sai ya keɓe da almajiransa. Ya yarda mutum ya tafi gida da labari yana juya shi a ransa.

Wani ya rubuto mini wai tambayar da yarinyar ta yi za ta raunana bangaskiyar masu rauni. Ɗan'uwa, wannan tambayar tana kan gicciye. "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Daga Zabura 22 Yesu ya ɗauko ta. Kuma ka je ka karanta Ayuba 42:7. Abokan Ayuba su ne masu amsa a shirye, su ne masu kare Allah, su ne masu cewa duk wahala tana da dalilin da za a iya nunawa da yatsa. Ayuba shi ne mai kuka da gardama. Da Allah ya buɗe baki, Elifaz da abokansa biyu ya yi wa fushi, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Abin da ke raunana bangaskiya shi ne a gaya wa gwauruwa cewa in ta yi azumi gonarta za ta dawo ninki biyu, ta yi azumin, gonar ba ta dawo ba, ta zauna tana tuhumar kanta ko zunubinta ne. A majami'ar nan ranar Lahadi akwai matan da shekaru suka wuce gonarsu ba ta dawo ba. Ƙarshen da aka ƙara wa wasan, su ya yi wa ƙarya.

Wai kuma mutanenmu ba za su gane ba sai an yi musu bayani. Wannan raini ne. Mutanen da suka tashi da "ga ta nan, ga ta nanku" ne ba su san kan labari ba? Wace kaka ce ta taɓa gama tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta tsaya tana lissafa darasi na ɗaya, darasi na biyu? Ƙurunƙus take cewa, kowa ya je ya kwanta, kuma yaro ɗan shekara shida ya san kwaɗayi ne ya kai Gizo ya baro. Tsohuwar da ta rufe fuskarta ta gane wasan fiye da mu duka.

Kuma mu daina zagaye-zagaye. Kowa ya ga cewa ƙanen mijin nan na cikin wasan da Littafi Mai Tsarki a hammata ya zo kwasar hatsi, kowa ya ga kujerar da ya zauna a kai da aka nuna matar ta kai kuka majami'a. Da boka aka nuna yana cin dukiyar marayu, da an tafa an watse lafiya. Abin da ya yi zafi ke nan. Haka annabi Natan ya yi wa Dawuda a 2 Sama'ila 12: bai fara da tsawa ba, labarin matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya ya ba shi, har sarki ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci da bakinsa, sannan Natan ya ce, "Kai ne mutumin." Bambancin kawai, Dawuda cewa ya yi ya yi wa Ubangiji zunubi. Bai kafa kwamitin duba labaran annabawa ba. Yakubu 1:27 ya ce sahihin addini shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Yara suka tuna mana, mu kuma muka tsaya muna gyara musu ƙarshen wasa.

Masu cewa majami'a ba gidan wasa ba ce kuwa, ban da lokacinku da yawa. Allah ne ya ce wa Ezekiyel ya ɗauki tubali ya zana Urushalima a kai ya kewaye ta da yaƙi mutane suna kallo. Shi ya aiki Irmiya ya sayi tulu ya fasa a gaban dattawa. A Fitowa 31 ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa don aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa. Ku je ku yi gardamar da shi.

Wannan tsoron ne ya kashe mana fim. Ku faɗi gaskiya, in an kunna muku fim ɗin bishara na Hausa, minti nawa kuke yi kafin ku san ƙarshensa? Yarinya ta bar ƙungiyar mawaƙan majami'a ta bi duniya, boka ya fito da jan ƙyalle da dariyarsa ta mugunta, wuta ta fita daga yatsun fasto, aljani ya yi ihu, sai a nuna sabuwar mota da aure. Mugu baƙi ƙirin ne, mai bi kuma ko atishawar kuskure ba ya yi. Ba mu san mutanen nan ba, ba sa unguwarmu, ba sa gidanmu. Sannan mu zo muna kuka wai 'ya'yanmu sun tare a finafinan Kannywood da na Indiya masu fassara. Ina za su? Can ko ba komai ana nuna musu kishiya da talauci da soyayya da uwar miji, abubuwan da suke gani da idonsu. In ka yi magana a ce namu ne, a tallafa. Na tallafa, na saya, na raba wa mutane. Amma sa sunan Yesu a kan aikin ganganci ba ya tsarkake aikin, sunan yake zubar wa daraja.

Abin takaicin, ba kayan aiki muka rasa ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, cike da Yusufu da 'yan uwansa, da Rut da Na'omi, da Absalom, labaran da duk marubucin duniya zai yi sha'awarsu. Iyayenmu sun ga yadda gari guda ke fitowa da tabarmi in an kafa majigi za a nuna fim ɗin Yesu na 1979 da aka juya da Hausa. Hukumar finafinai ta ƙasa a Jos take, makarantar koyon fim ta ƙasa ma a Jos take, a tsakiyar ikkilisiyoyinmu. 'Yan uwanmu Yarbawa na ƙungiyar wasan bishara ta Mount Zion tun 1985 suka ɗauki wasan kwaikwayo a matsayin kira na dindindin, suka tsaya a kai. Mu fa? Yaro in ya ce zai karanta fim, addu'ar kuɓuta ake shirya masa. In an zo kasafin kuɗin shekara, akwai na fenti, akwai na kujeru, akwai na motar baƙi, ƙungiyar wasan kwaikwayo kuwa su ara zanen uwarsu. Ranar da suka yi abin kirki da zannuwan gado biyu, ranar aka karɓe musu makirufo.

Ƙanena da ka rubuta wasan nan, na gan ka tsaye a gefen labule, takardunka a naɗe a hannu, kanka a sunkuye. Ɗaga kanka. Ba ka yi saɓo ba, baiwa Allah ya ba ka, kuma ka yi amfani da ita a kan waɗanda ba su da mai magana dominsu. Kada ka yi fushi ka bar ikkilisiya, gidanka ne, kada kuma ka zagi Baba ko ka bar abokanka su zage shi a shafukansu. Ka je ka gaishe shi, ka saurare shi. Amma kada ka canza ƙarshen. Ka ci gaba da koyon sana'ar, don tsakiyar wasan ya ɗan yi tsawo, ka karanta littafin Sama'ila da idon marubuci, ka zauna kusa da tsofaffi ka ji yadda suke jan zance. Ke kuma ƙanwata da kika fito a matar, Ubangiji ya sa miki albarka, hannuwanki kaɗai sun yi wa'azin da ya isa.

Tunda na ambaci tsofaffi, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Waƙoƙin da iyayenmu mata na Zumunta suka tsara da kansu, waɗanda suke rerawa da tulu da caki, wa yake ɗaukarsu? Yawancinsu ba sa cikin littafin waƙoƙi, a ka suke. Akwai mai ba da labarin matar Lutu tun daga fitowarsu Saduma, akwai ta budurwai goma da fitilunsu, baiti bayan baiti, da amshi. Duk tsohuwar da muka binne, da nata muke binne ta. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu, amma sai hoton abinci da na anko. Wanda yake da na'urar ɗaukar sauti mai kyau a cikinku ya yi mini magana ta akwatin saƙo, mu fara da matan gundumarmu kafin taron badi. Kuma don Allah masu kula da kayan sauti, in Zumuntar Mata ta tashi waƙa ku rage ƙarar fiyanon nan, ba a jin abin da suke faɗa.