Wa Ke Shan Man Golf Ɗin Alhaji?

Ranar Lahadi ce, kasuwar Gujungu na ci. Wata Golf 3 ta shigo garejin gindin darbejiya shiru, babu ƙarar inji, mutum biyu na tura ta. A kan rufi buhun masara uku da ɗaurin tabarmi, a but kuma rago ya leƙo da kai. Alhaji Ƙanƙamo, mai motar, yana hakimce a gidan gaba, bai sauka ba, wai kada takalminsa ya suɗe.

ALHAJI: Oga Bakanike, gaisuwa sai an jima. Yau ko ka fitar min da aljanin da ke cikin tankin nan, ko ka kama min ɓarawo. Ɓarawon kuwa ga shi can yana haki.

DIREBA: Alhaji ka ji tsoron Allah. Man da kake zuba min ko kyankyaso ya faɗa ciki ba zai nutse ba.

BAKANIKE: Sannunku da turi. Alhajin Allah, da me ka gane tana sha?

ALHAJI: Da aljihuna mana! Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, ta zo ta taɓa dubu, ban sake barcin kirki ba. Komai a rubuce yake. (Ya zaro littafi daga aljihun 'yar ciki.) Makon jiya lita 60. Mita ma ina dubawa safe da yamma, don kada wannan ya tafi zance da motata. Kilomita 500.

BAKANIKE: Yau rowa ta yi rana. Yaro, ɗauko waya. Raba 60 gida 500, abin da ya fito ka ninka sau 100.

YARO: Sha biyu, Oga.

BAKANIKE: Lita 12 ke nan a kowace kilomita 100, wato lita ɗaya ba ta kai ku kilomita tara. Golf 3 mai inji 1.8, in tana da lafiya, a buɗaɗɗen titi irin na Ringim zuwa Kano bakwai zuwa takwas take sha, cikin cunkoson gari wajen goma. Mu ɗauki takwas. Kilomita 500 lita 40 ce. Ashirin sun bi iska. In mun ƙaddara lita dubu ɗaya, dubu ashirin duk mako.

ALHAJI: Innalillahi! Ku riƙe ni. To ai dillalin da ya sayar min har takarda ya nuna min, wai shida take sha.

BAKANIKE: Takardar kamfani a ɗaki aka rubuta ta. Mota na kan naɗi, babu rami, babu yashi, babu rago a but. Su Turawan ma da kansu sun sauya salon gwajin a 2017, don lambobin tsohon sun cika daɗin baki. Naka lissafin ma kusa ne kawai. In kana son na gaskiya, ka cika tanki har bakin famfo ya katse da kansa, ka rubuta mita, ku yi aikin kwana uku ko huɗu, ka koma famfon nan dai ka sake cikawa. Abin da ta karɓa a karo na biyu shi ta sha.

ALHAJI: In cika? Tankin lita nawa ne?

BAKANIKE: 55.

ALHAJI: Wuce wannan babin.

Bakanike ya kira mai faci, aka bi tayoyi da ma'auni. Gaban dama 22, gaban hagu 50, na baya ɗaya 25, ɗaya 45.

BAKANIKE: Direba, wannan mota ce ko kowa tasa ta fishshe shi? Buɗe murfin tanki, akwai 'yar takarda manne a ciki, ita ke faɗin iskar da ta dace. Ba kaya wajen 30 zuwa 32 ne, in an yi lodi a ƙara wa na baya. Da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗau zafi. Taya mai ƙarancin iska tana baje wa a ƙasa, inji na jan ta da ƙyar, kashi biyu ko uku cikin ɗari na manka a nan yake tafiya.

ALHAJI: To a dura wa kowacce 60, mu huta.

BAKANIKE: Ka huta a asibiti. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ce kawai ke taɓa kwalta, burki ba ya kamawa, ga zafin watan Afrilu, ta fashe muku a guje. Yaro, zagaya ka ɗan taɓa ƙarfen kowace ƙafa.

YARO: Wayyo! Oga, ta bayan hagu wuta!

BAKANIKE: Sauran uku da ɗumi, ita kaɗai ke ƙuna. Wayar burkin hannu ta cije. Tun daga tasha kuna tafe ana taka muku burki a ƙafa ɗaya. Sa jak ka juya ta da hannu, za ka ji tana turjewa. A saki wayar, a wanke, in ta ci tsatsa a canza.

Sai aka ɗaga bonet. Nan Bakanike ya yi tsaki mai tsawo, ya kama wata jar waya da aka naɗe da leda.

BAKANIKE: Wa ya haɗa fanka dairek? Kai, kar ka ce min har tamostat an cire.

DIREBA: Ai Oga, tamostat na ƙasar sanyi ne. Wani gwani ya cire ya jefar, ya ce a zafin Jigawa ba a buƙatarsa. Yanzu allurar zafi ko motsi ba ta yi, tana kwance abinta.

BAKANIKE: Tana kwance, aljihun Alhaji na zubar da jini. Injin nan an ƙera shi ne ya yi aiki allura na tsaye a 90. Tamostat ƙofa ce: da safe tana rufe, ruwa na zagaye cikin inji har ya ɗau zafi, in ya kai wajen 87 ta buɗe ya tafi lagireto. Ka cire ta, ga fanka na kaɗawa ba tsayawa, inji ba zai taɓa kaiwa zafinsa ba, balle da asubar hunturu. Akwai sensa da ke auna zafin ruwa. Muddin ta ce da sanyi, kwakwalwar mota ƙara mai take yi, daga nan har Hadeja. Man da bai ƙone ba kuma yana wanke bakin mai daga jikin silinda, ringi ya mutu da wuri.

ALHAJI: To in aka mayar ta dinga tafasa fa?

BAKANIKE: Sai a nemi abin da ke tafasa ta. Ko lagireto ya toshe da gishirin ruwan rijiya da kuke zubawa, ko makunnin fanka ya mutu, ko murfi ba ya riƙe iska. Ba a maganin ciwon ido da ƙwaƙule ido. Yaro, kwance min fulogi ɗaya.

Fulogi ya fito baƙi ƙirin, busasshen toka na zuba a yatsa. Bakanike ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi.

BAKANIKE: Na lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake fitowa. Wannan baƙin shaida ce mai ya fi iska yawa. Ga dalili na biyu nan: an yanke indomin salansa, wato matatar hayaƙi, garin yankan an datse wayar sensar hayaƙi. Ita ce ke shinshina hayaƙi ta gaya wa injekta ya rage ko ya ƙara. Babu ita, injekta zuba kawai yake da ka. Wane mugun ne ya sayar da indomin?

DIREBA: (Ya kalli sama.) Oga, ni dai ba na son in faɗi sunan babban mutum.

ALHAJI: Kuɗi mai kyau suka ba ni! Abu yana zaune a ƙarƙashin mota ba ya aikin fari ba ya na baƙi.

BAKANIKE: Ka karɓa sau ɗaya, kana biya duk mako. Iyakilina, matatar iskar inji, ma ga ta, ƙurar bara da ta bana sun haɗu. A mai injekta ƙarfi take kashewa, direba ya ƙara danna totur. A mai kafireta kuwa kai tsaye take ƙara shan mai. A canza ta. Kada in ji an cire an bar wurin wayam, ƙurar nan in ta shiga inji gurza shi take.

Duk wannan abin Jauro, mai ragon, na tsugune yana sauraro da sanda a kafaɗa.

JAURO: Aradu mai gyara, ni ma ina da shaida. Yaron nan ba tuƙi yake ba, tashi yake son yi. Allurar nan na gani da idona ta wuce 130. Ragona tun daga lokacin bai sake tuƙa ba.

DIREBA: Baffa, in ban yi sauri ba yaushe zan yi sawu biyu? Kuma ai wanda ya isa da wuri ya kashe inji da wuri.

BAKANIKE: Lissafin dokin rano. Iskar da ke tokare mota ba bin gudu take sannu-sannu ba: ka ninka gudu biyu, tokarar ta ninka huɗu. Ƙaramar mota tsakanin 80 da 90 a giya ta biyar ta fi sauƙin sha. Daga 90 zuwa 120 kaɗai sai ta ƙara maka wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ga kuma buhuna a sama suna tare iska, su ma a guje sai su ci kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari. Kariyar ma in babu kaya a kwance ta. Giya kuwa ka canza allurar inji na tsakanin 2,000 da 2,500, ba sai ta yi kururuwa ba. In ka hango shingen hanya ko garke na tsallakawa, ɗaga ƙafa tun daga nesa. Duk burkin da ka taka da ƙarfi, man da ka riga ka ƙona ne ka mayar zafi.

DIREBA: Amma Oga ka yaba min a abu ɗaya. Duk gangaren gada firi nake sawa, wani lokacin ma in kashe inji ɗungurungum.

JAURO: Shi ne na ji shiru, na ɗauka mun riga mun mutu.

BAKANIKE: Saura ƙiris. Ka kashe inji, burki taku ɗaya ko biyu ne ya rage mai laushi, na uku dutse. Ka kuskura ka zare makulli, sitiyari ya kulle. Ribar ma babu. Mota mai injekta in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, ita da kanta take yanke mai gaba ɗaya, tayoyi ke juya inji. A firi kuwa dole ta sha na silo, wato kukan inji ba a taka totur ba. Af, silo. A tasha kana kashewa?

DIREBA: In na kashe ba ta tashi sai da turi, batir ya gaji. Kuma fasinja in ya ji inji na kuka ya fi saurin shiga.

BAKANIKE: Awa ɗaya a tsaye kusan lita guda ce, ko taku ɗaya ba ku yi ba. Awa ɗaya kullum, kwana shida, lita biyar ke nan. Ɗumama ta da safe ma minti ɗaya ya isa, sauran a kan hanya a hankali. Alhaji, man da silo ya sha a 'yan watannin nan ya isa sayen batir.

ALHAJI: Esi fa? Na ji an ce tana shan mai.

BAKANIKE: Tana sha, amma taka ta riga mu gidan gaskiya tun kafin motar ta sauka daga jirgin ruwa. Abin da zan ƙara maka shi ne wannan lita bibbiyu da kake saye a galan wajen 'yan bumburutu. Ka saya da tsada, ba ka san abin da aka gauraya ba. Famfon mai kuma a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Kullum yana lasar ƙasa, yana zuƙar datti, wata rana zai ƙone muku a dajin da babu ko mai shayi.

ALHAJI: Cikakken tanki ai nauyi ne. Kai ka ce nauyi na shan mai.

BAKANIKE: Lita 55 kilo arba'in da 'yan kai ce, ko rabin buhun masara ba ta kai ba. A ƙaramar mota kowane kilo 45 na ƙara wajen kashi ɗaya cikin ɗari. Buhunanka uku kilo 300.

ALHAJI: Yanzu cikin duk abin da ka lissafa, wanne ne kyauta?

BAKANIKE: Rage gudu, sauke kayan sama, kashe inji in an tsaya. Iska kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma tamostat, sensa, fulogi huɗu, iyakilina da batir sai ka buɗe bakin aljihu, kuma tamostat da sensar nan sun fi taya da kaya cin kuɗinka.

ALHAJI: Mu fara da na kyauta. Direba, daga yau ba ka ɗaukar mai ƙiba. Ka tsaya a bakin mota ka dinga zaɓar sirara irin su Jauro.

JAURO: Madalla. Tunda aradu ni rabin mutum ne a sikeli, rabin kuɗin mota zan biya. Ragon ma ya rame a hanya.

DIREBA: Oga, don Allah sake faɗa, kilo 45 kashi ɗaya ko? To ranar da Alhaji ya hau sikelin masu hatsi a Maigatari, 115 na gani. Yaro, buga mana.

YARO: Kashi biyu da rabi, har da ɗoriya.

ALHAJI: Kai da wa ya tambaye ka? Ku tura mu tafi!

JAURO: To sauko, Alhaji. Mai gyara ya ce a rage kaya.